Turanci A Bakin Bahaushe

Bungudu gari ne a ƙasar Zamfara, yana bisa hanyar mota wadda ta tashi daga Gusau ta nufi Sakkwato. Yawancin mutanensa manoma ne da 'yan kasuwa. A zamanin kakanni, in an ce mutum ya yi karatu, to, Larabci a ke nufi. Turanci bai kafu a wannan ƙasa ba sai bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato cikin shekarar 1903. A 1929 aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta bi ta Gusau har Ƙaura Namoda. Daga nan fa sai ga kantuna, ga masu sayen auduga da gyaɗa, ga kayayyaki iri iri waɗanda ba a saba gani ba, kowane da sunansa na Turanci.

Bahaushe bai tsaya raɗa wa dukan kayan nan sababbin sunaye ba. Sai ya ari na Turawa, ya lanƙwasa su yadda za su zauna a bakinsa. "Bucket" ya zama bokiti, "table" ya zama tebur, "scale" ya zama sikeli, "hospital" kuwa asibiti. Haka kuɗin da, watau fam da sule da sisi da kwabo, asalinsu "pound" da "shilling" da "sixpence" da "copper". A 1973 aka daina aiki da fam da sule, aka kawo naira, amma sunan kwabo bai ɓace ba.

Wannan aro ba laifi ba ne, gama kowane harshe yana yinsa. Turawa su ma daga Larabci suka samo asalin "sugar" da "cotton". Kalmar da ta daɗe a gida ta zama 'yar gida. Wanda ya ce asibiti yana cikin magana da Hausa ya faɗi daidai. Inda kuskure ya ke shi ne yaro ya buɗe baki zai yi Turanci, sa'an nan ya bi da shi ta hanyar Hausa. Irin wannan kuskure kashi uku ne.

Na fari shi ne na lafazi. Hausa ba ta rarrabe "p" da "f", shi ya sa "pump" ya zama famfo, "pencil" ya zama fensir. Mutanen Zamfara ma sau da yawa "hwari" su ke cewa maimakon fari, "tahi" maimakon tafi. Amma a Turanci haruffan nan biyu kowane da aikinsa. "Pull" ja ne, "full" cikakke ne. "Pan" kasko ne, "fan" mahuci ne. Ga yadda a ke gane su. In za a faɗi "p", sai a haɗe leɓɓa biyu, a sake su gaba ɗaya. In za a faɗi "f", sai a ɗora haƙoran sama bisa leɓen ƙasa, a hura iska a hankali. Yaro ya riƙe 'yar takarda kusa da bakinsa ya ce "pan". In takardar ta zabura, ya faɗi daidai.

Haka kuma "think" da "sink". Na farko tunani ne, na biyu nutsewa. Wanda bai sa kan harshensa tsakanin haƙoransa ba, zai ce yana nutsewa alhali tunani ya ke yi. Mafi hatsari duka shi ne ƙirga. "Fifteen" goma sha biyar ne, ana jan ƙarshensa. "Fifty" hamsin ne, ana danna farkonsa. Yaron da ya je sayar da buhun masara kasuwar Gusau, ya gamu da baƙon da ba ya jin Hausa, in ya nufi dubu hamsin bakinsa ya ce goma sha biyar, ai rigima ta tashi. Kada wannan ya ba kowa mamaki. A Hausa ma akwai gari na zama da gari na tuwo, akwai kukan yaro da kukar miya, Bature mai koyo kuwa yakan sha wuya kafin ya rarrabe su.

Na biyu shi ne na ma'ana. Kalma guda ta Hausa takan yi aikin kalmomi biyu ko uku na Turanci. Bahaushe yakan ce ya ji magana, ya ji wari, ya ji sanyi. Bature kuwa yana da "hear" don kunne, "smell" don hanci, "feel" don jiki. Bahaushe yakan sha ruwa, ya sha magani, ya sha rake, amma "drink" na abin da ke ruwa ruwa ne kaɗai, ƙwayar magani "take" a ke ce mata. Wanda ya zo ziyara "guest" ne ko "visitor", "stranger" kuwa shi ne wanda ba a sani ba, ko da ya ke duka baƙo ne a Hausa.

Wanda ya fi damun malamai shi ne "borrow me your pen". Mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa shi ke yin "lend". Daidai ita ce "lend me your pen". A nan Hausa ma tana da nata gwaninta. Abin da za a mayar da shi kansa, kamar fartanya, aro ne. Abin da za a mayar da madadinsa, kamar kuɗi ko hatsi, rance ne. Turancin yau da kullum bai raba waɗannan ba.

Na uku shi ne na ginin jimla. Bahaushe yakan ce, "Babana ya zo." Sai yaro ya juya ta kalma kalma ya ce, "My father he came." Wannan "he" ba shi da wurin zama, "My father came" ya isa. Haka nan a Hausa mota mace ce, littafi namiji, amma a Turanci duka "it" ne. Ga wanda ya amsa jarrabawar shiga sakandare da irin waɗannan jimloli, maki ne ke zubewa, ko da ya san amsa.

Maganin abin ba wuya gare shi ba, sai dai naci. Yaro ya kasa kunne ga malaminsa, ya riƙa karatu da ƙarfi kowace rana, ya duba ƙamus in ya yi shakka. In zai yi Hausa ya yi ta tsantsa, in zai yi Turanci ya yi shi tsantsa, kada ya gauraya su don a ce ya waye. Wanda kuma ya ji ɗan'uwansa ya yi kuskure, ya gyara masa a asirce, ban da dariya, gama yaron da aka yi wa dariya yakan kame bakinsa, mai kame baki kuwa ba ya koyon harshe.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gama hanyar jirgin ƙasa da ta bi ta Gusau?
2. A kawo kalmomi biyar da Hausa ta aro daga Turanci, ban da na cikin wannan darasi.
3. Mene ne bambancin aro da rance?
4. A gyara waɗannan: "Borrow me your book." "My mother she is cooking." "I hear cold."