Tsohon Gida da Mai Jinyarsa: Me Gwamnati Ta Tanada?

Nazarinmu a wannan fitowa ya shafi wani kaya da gidaje da yawa suke ɗauke da shi shiru. A Gadau, kamar sauran garuruwan ƙasar Katagum, ba wuya ka iske gidan da uwa ta tsufa, hawan jini ya kai ta ga shanyewar ɓarin jiki, 'yarta ko surukarta ta ajiye sana'a domin ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ta juya ta a shimfiɗa. In ciwo ya tashi, sai a nemi kuɗin mota zuwa asibitin tarayya da ke Azare. Shin gwamnati tana da hannu a wannan ɗawainiya, ko kuwa ta iyali ce kaɗai?

A rubuce dai tana da hannu. Tsarin mulkin 1999, sashe na 16, ya lissafa kula da tsofaffi da fansho cikin abubuwan da hukuma za ta sa a gaba. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai gwamnati kotu a kan rashin cika shi. A farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, amma sai a 2021 aka naɗa mata shugaba, Dokta Emem Omokaro. A shekarar ce kuma majalisar zartaswa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Cibiyar tana Abuja; aikinta tsara shirye-shirye ne da horarwa, ba ta raba albashin tsufa. Kada wani ya ruɗe ku da cewa ku biya kuɗin fom domin a sa sunan baba.

Inda taimako ya fi kusa da mu shi ne lafiya, kuma a nan nake so mu dakata. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ƙara da asusun marasa galihu, ta kuma sa tsofaffi a cikinsu. A jiharmu hukumar BASHCMA ce ke yin rajista, a haɗa mutum da ƙaramin asibitin gundumarsa, inda za a duba shi a ba shi magungunan da ke cikin tsarin ba tare da ya biya ba. Guraben ba su da yawa, kuma ba kowane ciwo ne tsarin ya ɗauka ba. Duk da haka, ga wanda yake shan maganin hawan jini kowace safiya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Abin takaici, tsofaffinmu da yawa ba su da lambar NIN, wadda kusan kowace rajista take nema yanzu.

Batun kuɗi a hannu kuwa gajere ne. Fansho na wanda ya yi aikin albashi ne. Manomi da mai tuyar ƙosai ba su ciki, in ba sun yi adashin fansho na masu sana'ar kansu ba, wanda aka buɗe a 2019. Jihar Ekiti ta taɓa biyan 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata tun daga 2011. Tallafin tarayya na naira 25,000 sau uku da aka sanar a 2023 na gidajen da ke cikin rajistar talakawa ne, ba na tsofaffi kaɗai ba.

Ita kuwa mai jinya fa? A Ingila akwai alawus ga wanda yake jinyar wani aƙalla awa 35 a mako. A dokokin da muka ambata babu irinsa. Matar nan da ta bar kasuwa ba ta da lada daga hukuma, sau da yawa ma ba ta samun godiya daga ƙannen mijinta da ke Abuja, waɗanda suke ganin sun gama nasu da sun turo kuɗin magani.

Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura ta 5, ya ɗora nauyin gwauraye mata a kan 'ya'ya da jikoki tukuna, domin ikkilisiya ta iya ɗaukar waɗanda ba su da kowa. Har ya yi maganar rubuta sunayensu. To, ikkilisiyarku tana da irin wannan lissafi? Dattawa su zauna su rubuta tsofaffin da suke da su, da wanda ke jinyar kowannensu. Matasa su raka marasa NIN a yi musu, su kuma tambayi mai kula da asibitin gunduma lokacin da za a buɗe rajista. Zumuntar Mata kuma ta tsara karɓa-karɓa, ko da yini ɗaya ne a mako, domin mai jinya ta samu ta je kasuwa, ko ta yi barci.