Karin Hoto a Fitowar Karin Kumallo: Nazari Daga Fim Ɗin Citizen Kane

Tsakure

Wannan muƙala ta duba yadda tsarin jera hotuna ke ɗaukar nauyin labari ba tare da dogon zance ba. An yi nazarin fitowar karin kumallo a fim ɗin Citizen Kane (1941) na Orson Welles, ɗan Amurka.

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙa suna amfani da kalmar "kari" wajen bayyana daidaituwar gaɓoɓi dogaye da gajeru a baiti. An aro kalmar a nan domin nuna yadda tsawon hoto da gajartarsa da maimaituwarsa ke isar da ma'ana. Karin kumallo ya dace da wannan nazari domin kullum ake yin sa. Idan wuri da lokaci ba su sauya ba, duk ɗan canjin da aka samu sai ya fito fili.

2.0 Tsarin Fitowar

A cikin 'yan mintuna, an nuna lalacewar auren Kane da matarsa ta farko, Emily, a zama shida kan teburin cin abinci. A zama na farko an haɗa su cikin hoto ɗaya mai tsawo, suna dab da juna, suna raha. Daga nan aka raba su, kowa da hotonsa, ana nuna wannan sannan a nuna wancan. Tsakanin zama da zama kuma kyamara ce ke juyawa da sauri, alamar shuɗewar shekaru.

Da tafiya ta yi nisa, zance ya riƙa gajarta, ƙorafin Emily kan jaridar mijinta ya koma sa-in-sa. Kiɗan da Bernard Herrmann ya tsara ya fara da taushi, ya riƙa yin nauyi. A zama na ƙarshe babu mai cewa uffan. Emily na karanta Chronicle, kishiyar jaridar mijinta, Inquirer, sannan kyamara ta ja baya ta nuna tazarar da ke tsakaninsu. Mai kallo ya gane auren ya mutu tun kafin a faɗa masa.

3.0 Kammalawa

Darasin ya shafi nazarin finafinan Hausa, amma da sharaɗi. A al'adar Bahaushe ba lallai miji da mata su ci abinci tare ba, don haka nisantar juna a teburi ba ta nuna ɓaraka. Abin lura shi ne gaisuwar safe, da wadda ke da girki, da yadda ake ajiye wa maigida koko da ƙosai. Manazarcin da ya tsaya kan kalaman 'yan wasa kaɗai, bai auna tsawon hoto da shirun da ke cikinsa ba, rabin fim ɗin ya nazarta.