Ruwan rijiyarmu yana komawa ja, mene ne magani?

Tambaya: Muna da rijiya a gidanmu a Aboabo, mun sa mata injin da ke tura ruwa zuwa tanki. Ruwan yana fitowa garau, amma idan ya kwana a bokiti sai ya yi ja, laka ta kwanta a ƙasa. Fararen kayan maigida duk sun ɓaci. Shin yana da illa a sha? Wata Hajiya, Kumasi.

Amsa: Kada ki sayi matatar ruwa ko ɗaya tukuna, sai kin gano inda jan yake fitowa, domin kowane iri da nasa magani.

Bayanin da kika yi ya fi kama da ƙarfen da ke narke a cikin ruwan tun daga ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar Kumasi ja ce, marmara da duwatsunta cike suke da sinadarin ƙarfe. Can ƙasa inda babu iska, ƙarfen yana narkewa ba ya nuna launi. Da ruwan ya fito ya haɗu da iska sai ya koma tsatsa ya kwanta. Ma'aunin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Gana shi ne kada ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a lita ɗaya, domin daga nan yake fara ɓata tufafi da ɗanɗano.

Ki gwada da farar kwalba. Ki cika ta da ruwan farko na asuba, sannan ki cika wata bayan famfo ya yi minti goma yana zuba. Idan ta farkon ce kawai ja, to bututun ƙarfe ne ko injin ke tsatsa, a canza su da na roba. Idan yashi ya kwanta nan take, injin ya yi kusa da gindin rijiya, a ɗaga shi sama, a kuma kira masu yasa. Idan kuwa kin ga wani jan yauƙi a bangon tanki, ƙwayoyin halitta ne masu rayuwa da ƙarfe, sai an wanke da kulorin.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwan da ke gurɓacewa duk bayan an yi ruwan sama, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Wannan yana nufin ruwan tsakar gida da na kwata yana samun hanyar shiga. Kin san yadda gidajenmu suke a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, katanga a jikin katanga. Masana suna son a bar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da masai, kuma gida nawa ne a Zongo ke da wannan fili? Ƙarfe a yawan da aka saba gani ba ya cutar da mai lafiya, amma ƙwayoyin taifod da kwalara ba su da launi ko wari. Saboda haka ki kai ruwan ɗakin gwaji, a Jami'ar KNUST ko a kamfanin ruwa na Gana, ki ce a duba ƙarfe da manganis da ƙwayoyin bayan gida. Manganis shi ne mai barin baƙin tabo, kuma yawansa ba shi da kyau ga jarirai. Kafin sakamako ya fito, a tafasa na sha.

Idan ƙarfen ƙasa ne, maganinsa iska da haƙuri da yashi. A sa ruwan ya zubo cikin tanki na farko ta kan faranti mai huji-huji domin ya sha iska, a bar shi ya kwana, a ɗebi na sama ya bi ta durom mai tsakuwa da yashi zuwa tanki na biyu. Bututun fita ya ɗara gindin tanki da kamu ɗaya, a kuma sa wani famfo a can ƙasa na zubar da laka. Da irin wannan dabara ce hukumar ruwan karkara ta CWSA ke cire ƙarfe a rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka. Ƙaramar matatar nan da ake ɗaurawa a bututu ba za ta iya ita kaɗai ba, domin narkakken ƙarfe wucewa yake yi, tsatsa kuma toshe ta take yi da wuri. Don hana ruwan tsakar gida da na kwata shiga, a gyara bakin rijiya da daɓen siminti da murfi. Kuma don Allah kada masu yasa su saukar da injin fetur cikin rami, hayaƙinsa yana kisa.

Game da wanki, ki daina sa bilic, ƙara kama tabon yake yi. Lemun tsami da gishiri sun fi. Alwala kuwa, a fiƙihun Malikiyya ruwan da ƙasar da yake zaune a ciki ta canza masa launi yana nan da tsarkinsa, kamar yadda ya zo a Risala. Idan najasa ce ta canza shi hukuncin daban ne, sai ki tuntuɓi malamin unguwarku da sakamakon gwajin a hannu.