Kafin a ɗaura wa fitila filasha

Sana'ata gyaran wutar ƙananan jiragen sama ce, masu ɗaukar mutum biyu zuwa huɗu, irin waɗanda ake koyon tuƙi da su a kwalejin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Amma da 'yan'uwana masu rewaya na Kankiya da Kusada nake magana yau, domin 'yar na'urar da muke shan wahalar zaɓenta, danginta ce kuke ɗaura wa mota da babur kullum, wato filasha.

Fitilar saukar jirgi aiki biyu take yi. Da dare tana haska wa matuƙi titi. Da rana kuwa, balle lokacin hazo, akan sa ta ƙyafta, ta dama ta kama ta hagu ta mutu, don wani matuƙin ya hango ka tun daga nesa, shirwa da ungulu ma su kauce. Ido ya fi saurin kama hasken da ke motsi.

Abin da muke fara dubawa shi ne ƙwan. Tsohon ƙwai mai zare na wat 100 yana jan kusan amfiya 8 a jirgi mai bolt 14, kuma a daidai lokacin da aka kunna shi da sanyinsa, yakan fizgi wajen ninki goma na haka kafin zaren ya ɗau zafi. Filashar da za ta riƙa kunna shi tana kashewa dole ta iya jure wannan fizga, in ba haka ba cikinta ya ƙone. LED kaɗan yake sha. Ƙwan HID kuma sai ya gama ɗumama kafin a fara ƙyafta shi. Daga nan a duba ƙarfin wutar jirgin, bolt 14 ne ko 28. A kuma saurari rediyo, don filasha mai araha kan zuba ƙas-ƙas a kunnen matuƙi yana tsakiyar magana da hasumiya. Jirgi mai rajista ba a liƙa masa kayan da hukumar NCAA ba ta yarda da su ba.

Sharaɗin da ba na sassautawa ko kaɗan shi ne: in filasha ta mutu, fitila ta ci gaba da ci. Dole makunnin ya kasance da hanyar da za ta kai wuta ga ƙwan kai tsaye. Filashar da za ta mutu ta tafi da fitila, ko kyauta ce ba na so.

To, mu dawo gida. Tsohuwar filashar sigina ta mota da zafi take aiki: wutar ƙwai biyu masu wat 21 ce ke gasa wani siririn ƙarfe ya lanƙwashe ya yanke layi, ya huce ya koma. Mai mota ya sayo LED ya sa, sai sigina ta tsaya cak ko ta riƙa rawar jiki, a zo a ce waya ce. Ba waya ba ce, nauyin da filashar ta saba ɗauka ne ya ragu. Ƙa'idar sigina ƙyaftawa 60 zuwa 120 a minti. A sayo filashar da aka yi don LED, a duba yawan ƙafafunta, a tabbatar ta bolt 12 ce ko ta 24 in babbar mota ce, a kuma bar fis a mazauninsa, kada a ɗaure shi da waya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yayin da ya shigo na sa babbar fitilar babur tana walƙiya da dare. Daga Gidan Mutum Ɗaya zuwa Kankiya har Charanci, hanya ce ta tirela da motocin haya masu gudu. Direban da walƙiya ta kashe wa ido ba ya iya auna nisanka, ba ya ganin mai amalanke ko yaron da ke gefen titi. Matuƙin jirgi kansa, in ya doso ƙasa da dare, tsayar da fitilarsa yake yi.

Iyayen gida masu gareji, don Allah ku ja kunnen yaranku. Duk wanda ya kawo babur a sa wa fitilar gabansa filasha, a yi masa bayani cikin mutunci, a ce masa a'a.