Filin Shawara: Ɗana Ya Ce Tseren Babur Zai Riƙa a Matsayin Sana'a

 Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, mahaifinsu ya rasu shekara shida ke nan. Babbansu namiji ne, shekararsa 19. Da ya gama sakandare na sayar da 'yan awakina da sarƙar da na gada wurin mahaifiyata, na saya masa babur don ya riƙa kai wa 'yan kasuwa kaya yana rufa mana asiri. To Anti, babur ɗin nan ya hana ni barci. Ya cire masa salansa, tun daga bakin layi kowa ya san shi ne ya taso. Ranar Juma'a da yamma shi da abokansa suke fita bayan gari tsere a kan titi, in kuwa rakiyar amarya ce, sai ya ɗaga tayar gaba yana tafiya a kan ta baya. Da dare yana kan waya yana kallon Turawa masu tsere, har lamba 46 ya manna a jikin tanki. In na yi faɗa sai ya ce sana'a ce, masu yin ta sun yi arziki, shi ma wata rana duniya za ta san shi. Makon jiya aka kawo mini shi gwiwa duk a ɗaye. Kawunsa ya ce in ƙwace babur ɗin in sayar, in ya yi gardama in yi masa baki. Zuciyata ta kasa. Da gaske wannan abu sana'a ne? Yaya zan yi?

Daga wata uwa a Zariya

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba yaron nan lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar marayu. Kafin komai ina roƙonki ki ajiye maganar baki. Bakin uwa kaifi gare shi, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da ke son wani abu har ya hana kansa barci a kai, yaro ne mai zuciyar nema. Aikinmu shi ne mu juya akalar wannan zuciya kafin ta kai shi rami.

Ɗanki bai yi ƙarya ba, tseren babur sana'a ce. Ana gasar duniya tun 1949, kuma lambar da ya manna a tanki ta Valentino Rossi ce, mutumin Italiya da ya ci kambun duniya sau 9 kafin ya yi ritaya a 2021. Sai dai ki tambaye shi ko ya san inda Rossi ya samo lambar. Ta mahaifinsa ce, Graziano, wanda shi ma ɗan tsere ne. A gidan tsere aka haife shi, tun yana ƙarami aka ɗora shi a kan ƙananan injuna, a fili killatacce, babba na tsaye a kansa. Yana shekara 17 ya shiga gasar duniya a 1996. Wanda ya ga doki ranar sukuwa yana walƙiya, bai ga shekarun da aka yi ana yi masa dusa da kanwa a barga ba.

Idan ya ce ai wannan Bature ne, ki ba shi labarin ɗan nahiyarmu, Brad Binder na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a 1995. Yana shekara 10 ya fara tseren babur. A 2009 ya samu shiga gasar da ake zaɓen yara masu hazaƙa a Turai, ya yi nesa da gida yana ɗan 13. Sai a 2016 ya ci kambun duniya na ƙaramin aji, sannan a 2020 ya ci tserensa na farko a babban aji, wato MotoGP, a garin Brno na ƙasar Cek. Shekara 15 ke nan yana abu ɗaya, iyaye na zuba dukiya da lokaci. Kuma wannan babban aji kujeru 22 kacal gare shi a duk faɗin duniya. Dubban yara ne ke fara wannan tafiya a Sifaniya da Italiya, ɗaiɗaiku ke isa. Wanda ya kai 19 bai taɓa taka filin tsere ba, gaskiya ita ce jirgin wannan aji ya riga ya wuce shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara ya ji wannan daga bakin mai ƙaunarsa da ya ɓata ƙuruciyarsa yana jiran abin da ba zai zo ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna. Ki zauna kusa da shi wata rana yana kallon tseren nan a waya, ki ce ya nuna miki. Ki lura da mahayin: tun daga wuya har idon sawu fata ce mai kauri, a cikinta akwai jakar iska da ke kumbura kafin ya taɓa ƙasa, ga hular kwano da safar hannu da takalmi mai tsawo. Ki lura da hanyar: babu rami, babu tirela, babu akuya, babu yaro mai tallan gyaɗa da zai tsallaka. Kowa gaba ɗaya ya nufa. A gefen kwana an zuba tsakuwa mai faɗi don wanda ya faɗi ya zame ya tsaya, likitoci da motar asibiti da jirgi mai saukar ungulu suna jira. Da wannan tanadi Binder ya kai gudun kilomita 366.1 a awa a filin Mugello a 2023. Sannan ki dubi ɗanki: silifas, riga shara-shara, kai a buɗe, a kan titin da kowa ke bi. Sunan abin da suke yi ɗaya ne a bakinsa, amma su aiki suke yi, shi kuwa caca yake yi da ransa da na bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba.

Duk da wancan tanadi, sana'ar tana cin nata. Marco Simoncelli ya mutu a filin Sepang na Malesiya a 2011 yana ɗan 24. A 2021 matasa uku suka mutu a gasa daban-daban a Turai, ƙaraminsu ɗan 14, abin da ya sa aka ɗaga shekarun shiga gasar duniya zuwa 18. Marc Márquez na Sifaniya ya karya dantsensa na dama a 2020, sau huɗu ana yi masa tiyata, sai a 2025 ya sake cin kambu. Masu yin tsere a kan titunan gari da aka rufe domin gasa, irin na tsibirin Man da ake yi tun 1907, su ne suka fi shan makoki. Akwai gidan Dunlop a arewacin Ailan: Joey ya mutu a tsere a 2000, ƙaninsa Robert a 2008, ɗan Robert mai suna William a 2018. Uwa guda ta binne 'ya'ya biyu da jika. Waɗannan ƙwararru ne, kuma titin an kore kowa daga kansa.

Ni kaina na yi jinyar ɗan ƙanwata a sashen ƙashi wata biyu. Gadon da ke kusa da namu wani saurayi ne da aka rataye wa ƙafa da ƙarfe, ya faɗi a rakiyar amaryar abokinsa. Abokan sun zo kwana uku na farko da lemo da hayaniya, daga nan ƙafa ta ɗauke. Wadda ta rage ita ce tsohuwarsa, tana shimfiɗa tabarma a ƙasan gado, tana juya shi, tana kai fo. Ba na so in ga kin kwana a wannan tabarma.

Ga shawarata. Kada ki sayar da babur yanzu, domin zai hau na aro, kuma mai hawan na aro a ɓoye ya fi ganganci. Ki kira kawunsa ku zauna ku uku, cikin sanyin murya, ba ranar da rai ya ɓaci ba. Ki tuna masa da abin da aka sayar aka sayi babur ɗin, da ƙannensa huɗu da ke kallonsa a matsayin uba. Sannan ku gindaya sharaɗi a fili: salansa ta koma, hular kwano da takalmi rufaffe kullum, babu tsere a titi, babu wasa a rakiyar biki. Ranar da ya karya, makulli ya kwana wata guda a hannun kawu. Ku faɗa, ku kuma cika, domin sharaɗin da ba a cikawa raini yake jawowa.

Amma kada ki tsaya a hani kaɗai, ki buɗe masa ƙofa. Yaron da ya iya kwance salansa ya ɗaura, hannunsa na son inji. Ki gaya masa cewa bayan kowane mahayi akwai tawagar makanikai da injiniyoyi, kuma da Rossi zai bar Honda ya koma Yamaha a 2004, sai da ya tafi da shugaban makanikansa, Jeremy Burgess. Ku nema masa ƙwararren mai gyaran babur mai mutunci ya riƙa zuwa bayan ya gama kai kaya, in da hali ya nemi kwalejin fasaha ya karanci aikin injuna, ga su nan a Zariya da Kaduna. Garuruwanmu cike suke da babura, mai gyara na ƙwarai ba ya rasa na cefane, kuma yana iya yin suna har a riƙa nemansa daga wani gari.

Kai kuma ɗana, na san za a miƙa maka wannan shafi. Son da kake yi wa babur ba laifi ba ne. Amma ran da kake wasa da shi amana ce a hannunka, kuma akwai wadda gabanta ke faɗuwa duk lokacin da ta ji ƙarar inji ta yanke a bakin layi. Sarƙar kakarka ce kake hawa. Ka mayar da ita gida kowace yamma lafiya, tare da kanka.

'Yar'uwa, ki yawaita sa masa albarka da sunansa, yana ji. Ki sake rubuto mini bayan wata uku in ji inda aka kwana. Allah ya shirya mana zuri'a, ya kare su daga tsautsayi.