Ilimin Manya da Karatu Daga Nesa a Ƙasar Haɗejiya

Gabatarwa

Ilimin manya shi ne tsararren karatun da ake shirya wa baligi wanda bai shiga makaranta yana yaro ba, ko wanda yake neman ƙarin ƙwarewa a sana'arsa. Karatu daga nesa kuwa hanya ce ta koyarwa wadda malami da ɗalibi ba sa haɗuwa kullum, sai dai ta littattafai da rediyo da intanet da zaman aji jefi-jefi.

Taƙaitaccen Tarihi

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta gudanar da gangamin Yaƙi da Jahilci da harshen Hausa. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, a lokacin Haɗejiya tana ƙarƙashinta, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Ta fuskar karatu daga nesa, an kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa (NTI) a Kaduna a 1976, domin malami ya ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya kuwa an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a 2002.

Yanayin Ɗalibin Fadama

Mazauna Auyo da Kirikasamma da Guri galibi manoma ne da masunta da makiyaya, kuma ruwan Kogin Haɗejiya ne yake tsara musu shekara. Da damina suna gona, da kaka suna girbi, da rani kuma suna noman shinkafa da alkama da kayan lambu. Bugu da ƙari, ambaliya takan datse hanyoyi a watannin Agusta da Satumba, kamar yadda ta faru a 2022. Saboda haka, duk ajin da bai dace da wannan tsari ba, watsewa yake yi tun kafin zango ya ƙare, ɗalibi ya koma gidan jiya.

Aikin Malamin Hausa

(a) Ya tsara lokutan haɗuwa tare da ɗalibai, yana la'akari da aikin gona da ranar kasuwa.
(b) Ya ɗora karatun boko a kan ajamin da da yawansu suka iya tun a makarantar allo.
(c) Ya zaɓo darussa daga sana'arsu, kamar lissafin taki da rubuta bashi da yaƙar ciyawar kacala mai toshe magudanan ruwa.
(d) Ya rubuta darasi da Hausa mai sauƙi, domin ɗalibin nesa ba shi da wanda zai tambaya nan take.

Kammalawa

Babban mutum ba ya zama a aji sai ya ga amfanin karatun a gonarsa ko a kwalekwalensa. Wajibi ne karatu ya bi ɗalibi inda yake.

Auna Fahimta

1. Bambanta ilimin manya da karatu daga nesa.
2. Tsara jadawalin shekara na ajin masunta a Guri, tare da kawo dalilai.