Amsoshin Tambayoyinku: Ragowar maganin ciwo ga kare

Wani mafarauci daga Tibiri na tambaya: karensa ya dawo daga daji yana ɗingishi, ko ya ba shi ragowar ƙwayoyin ciwon jiki da ya saya a kasuwar Dogon Dutsi?

Malam, kada ka kuskura. Ibuprofen da diclofenac suna jawo wa kare gyambon ciki, su lalata ƙoda. Paracetamol in ya yi yawa, hanta yake ci. Ko na likitan dabbobi ma, da nauyin kare ake auna shi.

Duba tafin ƙafar tukuna, sau da yawa ƙaya ce. Cire ta, ka wanke, ka bar shi ya huta. In ya riga ya haɗiye ƙwayar, musamman in ka ga amai ko baƙin kashi, garzaya ma'aikatar kiwo da kwalin maganin.